Ruwan Inabi Irin Na Mutanen Meksiko

Bazara ta kama, maigida yana can yana sharar gona da kai taki, yara kuwa da sun dawo daga makaranta randa suke fara nufa. To, a wannan mako zancenmu a kan abin sha ne, wanda uwargida za ta haɗa da hannunta ba tare da ta aika kanti sayen lemon kwalba ba.

Can ƙetaren teku, kudu da Amurka, akwai wata ƙasa ana ce da ita Meksiko. Wurare da yawa a cikinta suna da zafin rana kamar namu. Mutanenta suna da wani abin sha da suke kira agwa fireska, watau ruwa mai sanyaya rai. Ɗan itace ne kawai ake matsewa, a ƙara ruwa mai yawa, da ɗan sukari, da lemun tsami. A kasuwanninsu za ki ga an jera shi cikin manyan tuluna na gilashi, ana ɗiba da ludayi.

Kada ki ce abin nasu baƙo ne gare mu. Cikin waɗanda suka fi so akwai na tsamiya, akwai kuma wani ja da suke kira hamaika, wanda ba kome ba ne illa zoɓo. Har ma zoɓon da manomanmu na Kano da Jigawa da Katsina suke shukawa a gefen gona, wanda ake tarawa buhu buhu a kasuwar Dawanau, da yawansa Meksiko ake kai shi. Ashe mun daɗe muna sha a ƙwarya ɗaya da su ba mu sani ba.

Na inabi shi ne za mu koya yau. Su a can suna noma inabi da yawa a jiharsu ta Sonora. Mu ma yanzu ba sai an jira na ƙasar waje ba, gama manoman Kudan da Hunkuyi, kusa da Zariya, suna noma shi, yana kuma shigowa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano, daga nan masu baro su kai shi su Bichi da Ɗambatta da Gezawa. Lalle ba shi da araha. Amma ga inda dabarar take: curi ɗaya da yaro guda zai cinye yana tsaye, in aka yi ruwansa sai ya ishi mutum shida.

Abubuwan da za ki tanada su ne inabi rabin kilo, baƙi ko ja ya fi ba da launi. Ruwa lita 1. Lemun tsami 1. Sukari babban cokali 2 ko 3. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Da farko ki tsinke inabin daga jikin karansa, ki fitar da wanda ya ruɓe ko ya fashe. Ki wanke shi sau biyu ko uku cikin ruwa mai tsabta, kina murzawa a hankali, domin manoma suna fesa masa maganin ƙwari. Sa'an nan ki zuba shi a kwano mai zurfi, ki wanke hannu da sabulu, ki yi ta matsewa har ya dagargaje. Mai injin markaɗe na lantarki sai ta zuba da rabin ruwan, ta kunna kaɗan ta kashe. Kada a bari ƙwallayen ciki su niƙe, in sun niƙe sai abin ya yi bauri. Kada kuma a daka a turmin da ake jajjage, don barkono ba ya barin turmi.

Bayan haka sai ki zuba rabin ruwan, ki dama, ki tace da rariya ko farin ƙyallen da kike tace koko da shi. Ki ƙara sauran ruwan a kan tuƙar, ki sake matsewa ki tace. Ki matsa lemun tsami, ki sa gishirin nan, kana ki ɗanɗana tukuna kafin sukari ya shiga. Inabin da ya nuna sosai yana da zaƙinsa, sau da yawa cokali ɗaya ya isa. In da mai ciwon sukari a gidan, a ɗebar masa nasa kafin a sa, kuma ƙaramin kofi ya ishe shi.

Yanzu ga abubuwa uku da nake so ki riƙe da kyau.

Na ɗaya, ruwa. Tun da wannan abin sha ba ya hawa wuta kamar zoɓo, duk abin da ke cikin ruwan rijiya cikin iyalinki zai tafi. Ta wannan hanya amai da gudawa da zazzaɓin taifot suke shiga gida. Ki tafasa ruwan tun da safe, ki rufe ya huce. Ƙanƙarar da ake sayarwa kuwa, in ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ki jefa ta ciki. Ki ɗura abin shan a gora mai murfi, ki kewaye gorar da ƙanƙara daga waje. Inda babu ƙanƙara, ki sa gorar cikin randa. Akwai kuma dabarar marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yayin da ruwan yashin yake bushewa, sai ya tafi da zafin abin da ke ciki.

Na biyu, kada ya kwana. A jikin ɓawon inabi akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, 'yan'uwan yis ɗin da ke kumbura fanke. Da sun sami zaƙi da zafi sai su kama aiki, su mai da sukari giya. Ruwan inabi sabo halal ne, amma wanda aka bari ya daɗe cikin wannan zafi yana iya juyewa ya zama abin da addini ya hana. Alamarsa ita ce kumfa, da wari mai tsami, da gora ta kumbura ta yi tsit in an buɗe. In kin ga haka ki zubar, kada ki ji ƙyashi. Don haka ki yi daidai wanda za a shanye a yinin. Mai niyyar ɗora wa yara talla ta lura da wannan ƙwarai, gama ya fi zoɓo saurin lalacewa, kusan ɗaya yake da kunun aya.

Na uku, yara ƙanana. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ɗigo kada a ba shi. Kada kuma a miƙa wa yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayar inabi sukutum, don daidai take da maƙogwaronsa, tana iya shaƙe shi. A tsaga ta gida huɗu a tsaye tukuna.

In inabi ya gagara, ba a fasa ba. Kankanar da ake nomawa a fadamun Watari da Tomas tana yi, gwanda da gwaiba da mangwaro duk suna yi, awon kuwa ɗaya ne. Da abin da ke hannu ake yin miya. Ki gwada ranar da maigida zai dawo daga gona da azahar, ko ranar da za ki yi baƙi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana iyali. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.