Karatu Da Saƙar Kaba Ba Kishiyoyi Ba Ne

'Yan'uwana mata, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke malala fadamun Hadejia ya ragu, kifi ya ja baya, cefane ya yi nauyi. A gidaje da dama, tabarmar kaba da faifan da uwargida ke saƙawa ne suka rufa asiri. To, don me 'yar makaranta za ta raina wannan sana'a, wai ta ƙauye ce?

Ke kuma uwargida, aure bai rufe miki ƙofar karatu ba. Har tsofaffi Nana Asma'u ta koyar ta hanyar 'Yan Taru. Ki shiga ajin yaƙi da jahilci, ko don ki riƙa rubuta tabarmi nawa dillaliya ta ɗauka, nawa ta kawo.