A Tambayi Masu Dandali Tukuna

Jama'ar Rabah, Wurno da Goronyo: Zaɓe ya matso. Za ku ji masu neman ƙuri'a suna alkawarin gyara dandalin gari: a kewaye shi da katanga, a dasa dogon yaro, a sa fitilun sola. Madalla. To amma wa anka tambaya?

Dandali ba kangon fili ba ne. Nan samari ke kokawa bayan kaka, nan mata ke kasa fura da ƙosai, ta gefensa shanu ke bi zuwa mashaya. In katangar da anka zana a ofis ta toshe burtali, mu za a bari da rigimar manomi da makiyayi, ɗan kwangila ko ya karɓi kuɗinsa ya wuce.

Dattawanmu ba su manta da Bakolori ba. An datse gulbin Sakkwato a 1978 ba a ji ta bakin masu gonaki ba. Da sunka tashi neman diyya a 1980, 'yan sanda sunka buɗe musu wuta. Fadamun da ke ƙasan gulbin kuma sunka rage samun ruwa. Dandali dai bai kai dam ba, amma rashin shawarar iri ɗaya ne.

Ga alkawarin jam'iyyarmu: ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an yi taro a ƙofar hakimi, ranar da ba kasuwa, an karanta tsarin aikin da kuɗinsa da Hausa. Mata su yi nasu zaman, Ardo ya zo da mutanensa. Duk ɗan takarar da ya zo muku, namu ko nasu, ya faɗi ranar taron nan kafin ku dangwala masa.