A Auna Ruwa Kafin A Zuba Kifi

A shekarar 2010, tun kafin a gane abin da ke kashe yara a Dareta da 'Yargalma, agwagi ne suka fara ƙarewa. Ba a kula ba. Gubar dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, dalma kuwa ba ta ruɓewa a laka.

Saboda haka muke jan kunnen masu niyyar kiwon kifi a kududdufan yankin, har zuwa Gummi. Maganin jan ƙarfe da akan zuba don kashe ƙwarin jikin kifi shi ma guba ne. In ya ɗara kaɗan, kifin yake kashewa. Muna roƙon malaman gona, waɗanda gobe wasunmu ne, kada su yarda a zuba kifi, balle magani, sai an auna ruwan da lakarsa.