Rance Babu Kasuwa, Igiya Ce A Wuyan Matan Diffa

Duk furojen da ya sauka a Diffa da waƙa ɗaya yake zuwa: a bai wa mata ƙaramin rance, talauci ya kau. Sai a tara masu saƙar tabarma da faifai, a ɗauki hoto, a koma Yamai da rahoto. Babu mai tsayawa ya ga ranar biya.

To, ga lissafin da ba a sanyawa cikin rahoto. Mai saƙa tana karɓar bashi da sefa, amma a kasuwannin kwarin Kumadugu ciniki mai yawa da naira ake yin sa. Da nairar ta rushe a 2023, kuɗin tabarmarta suka zube, bashin kuwa ko dala bai ragu ba. Ga tabarmar roba ta masana'anta ta cika kasuwa da araha. Ga kuɗin ruwa: a 2014 aka rage iyakar da doka ta yanka wa ƙananan asusun rance a ƙasashen sefa na Yammacin Afirka daga kashi 27 cikin ɗari zuwa 24 a shekara. Wace tabarmar kaba ce ke kawo irin wannan riba?

Sannan wa zai saya? Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa cikin Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta tsayar da cinikin kifi da tattasai, aka rufe kasuwanni. Tattasai shi ne arzikin kwarin. Da manomi ya rasa kuɗi, mai saƙa ta rasa mai saye. Hukumar da ta toshe hanyar ciniki ba ta da bakin yi wa mata wa'azin neman na kai.

Masu rabon rance kan kafa hujja da matan Maya na ƙasar Gwatemala, masu saƙar tufafi. Sun manta cewa baƙi masu yawon buɗe ido da ƴan kasuwar waje ne ke sayen kayan waɗancan matan. Wane baƙo ne ke zuwa Gueskérou sayen faifai?

Alhali dabarar tana gida. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: mata su zuba nasu kowane mako, su ranta wa juna, ribar ta zauna cikin akwatinsu har ranar rabo. Daga Nijar tsarin ya bazu cikin Afirka.

Saboda haka, kafin a ƙara miƙa wa mace takardar bashi, a tsare hanyar kasuwa, a kare bishiyar goruba da ke ba ta kaba, a ɗaure lokacin biya da kakar tattasai. Wanda ya ranta kuɗi inda ya san babu ciniki, ya san akuyar wa za a sayar ranar biya.