Baƙonka Annabinka

Jama'a, ina roƙon ku aron kunnuwa a kan maganar 'yan gudun hijira da ke zaune tare da mu a Bagama da sauran unguwannin Suleja. Sau da yawa nakan ji ana cewa sun cika mana gari, sun sa haya ta yi tsada. To, mai faɗin haka ya tuna asalin garin nan tukuna.

Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa, suka sauka Zuba cikin ƙasar Koro. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, aka kira shi Abuja, har aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin Nijeriya, namu ya zama Suleja. Watau ke nan masu hijira ne suka gina garin, a tsakanin Koro da Gwari. Yaya za mu ƙyamaci wanda ya zo yau da irin ƙafar da kakanninmu suka zo?

Kuma ba yawon banza ya kawo su ba. Waɗansu sun tsero ne daga Gwoza da Boko Haram ta kama ta a 2014, waɗansu 'yan fashin daji suka kora daga ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, musamman a 2021. Manoma ne da makiyaya masu rufin asiri, dare ɗaya suka wayi gari hannu rabbana.

Mutanen unguwa suna ƙoƙari wajen ba su hatsi da tufafi, Allah ya saka. Amma a ganina babbar hasarar tana kan yara. Hatsi yakan ƙare a sake awo, yaron da ya yi shekara uku bai shiga aji ba kuwa da wuya ya koma. Dokar ilmi ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne ga kowane yaro. Ba ta ware ɗan gari da baƙo ba. Duk da haka uban da ya gudu ba takardar haihuwa, ba kuɗin riga, yakan ji nauyin tunkarar hedimasta.

Nan ne aikinmu yake, mu masu koyon malanta. Mu je wurin mai unguwa mu rubuta sunayen yaran da ba su zuwa makaranta. Mu raka iyayensu da ƙafarmu a ɗauke su. Waɗanda aka bari a baya mu yi musu ajin yamma, kowannenmu sa'a biyu a mako. In muka shiga aji gwajin koyarwa kuma, kada mu bar yara su riƙa yi musu gori.

Wani zai ce ai aikin Gwamnati ne. Haka ne, mu ci gaba da tuna mata. Amma kafin takarda ta je Minna ta dawo, yaro ya zama saurayi.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.