Waiwaye: Dinet, mai zanen da ya je kallo ya zauna

A watan Janairun 1930 dubban mutane suka yi dafifi a Bu Sa'ada, wani garin dabino a bakin hamadar Aljeriya, don raka gawar wani Bafaranshe makwancinta. A Paris ya rasu, ranar 24 ga Disamban 1929. Aka yi masa salla a Babban Masallacin birnin, sannan aka haye teku da gawar, don a can ya ce a binne shi. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Étienne Dinet. Mutanen garin kuwa da Alhaji Nasiruddin suka san shi.

An haife shi a Paris a 1861, a gidan masu hali, ya koyi zane a manyan makarantun birnin, har ya ɗauki darasi wurin mai zane William Bouguereau. Lokacin nan Faransa ta shekara hamsin tana danne da Aljeriya, tun mamayar 1830, kuma hajar da ke tafiya a kasuwar zane ta Turai ita ce hotunan ƙasashen Gabas: kasuwar bayi, masu wasa da maciji, matan kulle a ɗakin wanka. Wasu masu zanen kan leƙa Masar ko Maroko su koma gida. Wasu ko leƙen ba su yi ba. Ingres, wanda ya zana shahararren hoton nan na matan Turkiyya a gidan wanka, bai taɓa taka ƙasar ba, daga kansa ya ƙago su.

Shi ma Dinet ɗan kallo ne da farko. A 1884 ya bi wata tawagar masu binciken ƙwari zuwa kudancin Aljeriya. Da shekara ta zagayo sai ya koma, ya zana saman sorayen garin Lagwat a cikin ƙwallelliyar rana. Daga nan kamar an yi masa kiranye, kullum yana hanya.

Abu biyu suka raba shi da abokan sana'arsa. Na farko, ya durƙusa ya koyi Larabci, har ya fassara labarin jarumin Larabawa Antar zuwa Faransanci. Na biyu, ya yi aboki. Baƙo makaho ne ko da yana da idanu, shi kuwa Dinet ɗan jagoransa shi ne Sulaiman bin Ibrahim, mutumin yankin Mzab, wanda suka shafe kusan shekara arba'in tare. Ta hannunsa ya san al'adun mutanen da tatsuniyoyinsu, tare kuma suka riƙa rubuta littattafai. Sai hotunansa suka sake kama. A zanen wasu, Balarabe ado ne kamar raƙumi ko bishiyar dabino. A nasa kuwa za ka ga yara suna ƙyalƙyala dariya, dattawa a sahun salla, saurayi da budurwa suna zolayar juna, kowa da fuskarsa.

A farkon shekarun 1900 ya sayi gida a Bu Sa'ada. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai: a 1913 ya bayyana musuluntarsa, ya zaɓi sunan Nasiruddin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin masu matsa wa hukuma lamba a riƙa binne sojoji Musulmi da suka mutu a yaƙin Faransa bisa tsarin addininsu. A 1918 shi da Sulaiman suka fitar da tarihin Annabi (SAW) da Faransanci, Muhammad Rasim ya yi wa shafukan ado. Daga baya suka yi wani littafin na raddi ga malaman Turai masu murɗe tarihin Musulunci. A 1929, yana da shekara 68, ya sauke farali. Watanni kaɗan da dawowarsa ajali ya cim masa.

Da nan labarin ya tsaya, da an ce madalla a tashi. To amma akwai tabo. Cikin hotunan da suka yi masa suna da kuɗi a Paris, da yawa na 'yan matan ƙabilar Aulad Na'il ne, wasu tsirara suna wanka a rafi. Abin da attajiran Turai ke marmarin ratayawa a falonsu ke nan, shi kuma ya ba su. Ta fuskar siyasa ma, ya yi tir da wulaƙancin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna ke yi wa masu ƙasa, amma adalci ya nema a ƙarƙashin mulkin mallakar. Shi ya sa har yau ake ja-in-ja a kansa. Aljeriya ta rungume shi bayan 'yancin 1962, akwai gidan tarihi mai sunansa a Bu Sa'ada. Masu nazari kuwa, musamman tun fitowar littafin Edward Said kan yadda Turawa ke kallon Gabas a 1978, suna tambaya: su 'yan matan nan, wa ya ji ta bakinsu?

Wannan tambaya ce ta sa na waiwayi Dinet. Shi sai ya kwana da kwanaki kafin ya gama hoto ɗaya. Mu yanzu kowa da waya a aljihu. Mutum ya shiga ƙauye ko sansanin 'yan gudun hijira, ya ɗauki almajiri da ƙoƙonsa, ko tsohuwa tana karɓar kwanon hatsi, kafin ya koma mota ya ɗora a Facebook. Bai tambayi sunanta ba, balle ya nemi izininta. Ba sai kana Bature za ka yi wa mutane kallon baƙo ba.

Dinet ya koyi harshen mutane, ya yi salla a sahunsu, ya kwanta a ƙasarsu, amma duk da haka bai tsira daga son ran masu saye ba. Ina ga wanda ko ruwan garin bai sha ba? Kafin ka yaɗa hoton wani, tsaya ka nuna masa. In ka ji nauyin nuna masa, to goge shi.