Takobin gado: kafin mu tafi kasuwa, mu leƙa ƙarƙashin gadon tsoho

Kwanan baya wani saurayi daga wajen Malbaza ya bugo mana waya cikin shirinmu na rediyo. Ya ce sha'awar tara takubba ta kama shi, kamar yadda yake gani a intanet Turawa suna jera su a bango, kuma yana son mu gaya mishi inda zai sayi na farko da kuɗin da zai tanada. Muka ce mishi, malam, a gidanku babu ko ɗaya? Ya yi jim, sannan ya ce akwai wani na kakansa, amma duk ya yi tsatsa, kuben ya zage, da shi ma ake saran ƙaya in za a yi shinge. Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ra'ayinmu a fili yake. Duk ɗan Ƙonni, ɗan Malbaza ko ɗan Illela da ke son tara takubba, to ya fara da na gidansu, ya koyi riƙonsa, ya rubuta labarinsa tun tsofaffin da suka san shi suna da rai. Sayen na kasuwa ya biyo baya. Dalili kuwa shi ne takubban ƙasarmu suna ƙarewa ta hanya 2: dillali ya kwashe wasu ya ƙetare da su, mu kuma da hannunmu muna lalata sauran da sunan gyara.

Mu ba baƙin takobi ba ne. A nan Nijar, babbar kyautar kokowar gargajiya takobi ce, tun karon farko da aka yi a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Duk shekara muna manne da rediyo don mu ji jahar da za ta tafi da shi. A Katsina har gobe ana alfahari da Gajere, takobin Muhammadu Korau. A Daura suna da wanda ake danganta wa Bayajida. Abin mamaki, mutumin da ke ihu in ɗan kokowar jaharsu ya ɗaga takobin ƙasa, shi ne zai bar na kakansa cikin rumbu gara tana cin kuben.

Kuma ƙasar nan tamu ta ga abin da ya isa a ce ƙarfen da ya rage daga wancan zamani yana da daraja. Wajajen 1674 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Wanda ke son bayani ya nemi littafin Farfesa Jibo Hamani a kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara, na 1975. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma yaƙe-yaƙen jihadi sun ratsa Ƙonni da Adar. A watan Mayu na 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni da bindiga da igwa, ta yi kisan da har yau tsofaffi ba su bar maganarsa ba. Mutanen gari da me suka tsaya? Kwari da baka, mashi da takobi. Ba mu ce kowane takobi da ke cikin ɗakin kowa ya halarci wannan rana ba, kar a ji mu da kuskure. Wani na ado ne, wani na dogari ne, wani an saye shi shekaran jiya. Amma in ba a tambaya ba, ta yaya za a bambance?

Shi kansa ƙarfen yana magana, ga wanda ya san dubawa. Takobin ƙasarmu, wanda Buzaye ke kira takoba, miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita 1, bakinsa a ɗan zagaye, da kwarmi a tsakiyar ruwansa, sau da yawa guda 3. Da yawa cikin tsofaffin an ƙera ruwansu a Turai ne, musamman a garin Solingen na Jamus, aka biyo da su ta hamada. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shiga birnin a shekara, a nan ake yi musu ƙota da kube a sayar. Maƙeranmu ma sun ƙera nasu da tama, daga baya kuma da ƙarfen sifirin mota. Shi ya sa za ka ga ƴan alamu kusa da ƙota: jinjirin wata biyu, ko wata dabba tana gudu, ko wasu haruffa. Wasu alamun na maƙerin Turai ne, wasu maƙeranmu ne suka kwaikwaya don kaya ya yi farashi, kuma ko wannan kwaikwayon tarihi ne. Ƙota da kube kuwa aikin gida ne tsantsa, na maƙera da dukawa, kuma akan sake su sau da yawa a kan ruwa ɗaya. Ke nan takobi guda yana iya haɗa hannun Bajamushe, Bakano da Ba'adare.

To waɗannan ƴan alamun su ne abin da muke fara kashewa. A nan ba za mu ɓoye laifinmu ba. Shekarun baya mun ɗauki takobin gidanmu muka kai wa wani mai injin wasa wuƙa, muka ce a fidda mishi tsatsa ya yi ƙyalli don hawan salla. Cikin minti 10 ya miƙo mana shi fari tas kamar cokali. Da muka kai gida, baffanmu ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ce ina watan? Jinjirin watan da ya sani tun yana yaro dutsen inji ya cinye shi. Bai yi faɗa ba, ya dai mayar da shi kube ya ajiye. Garin neman gira muka rasa ido. Mai injin ba shi da laifi, abin da muka ce ya yi shi ya yi.

Saboda haka abu na farko ga mai takobin farko shi ne ya riƙe hannunsa. Kar inji, kar magagari, kar yashi, kar takardar goge ƙarfe. Kar a jiƙa shi cikin tsamiya ko lemun tsami ko ruwan batir, don tsami yana cin ƙarfe ya bar shi da ramuka. A san cewa tsatsa iri 2 ce. Akwai ja, mai gari-gari, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe, ita ce abokiyar gaba. Akwai kuma baƙin nan ko toka-toka da shekaru suka shimfiɗa, wanda ya zauna lafiya, shi ba a taɓa shi, shi ne shaidar tsufa, kuma duk wanda ya san kaya da shi yake gane na gaske. Ita ja, a ɗiga mata man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma mai laushi, a maimaita har tsumman ya daina yin ja. Aikin na son haƙuri, yana iya ɗaukar sati. In an gama a shafa man kaɗan, yadda ba zai yi naso ba. Man gyaɗa da man ja a bar su a madafa, suna daskarewa su yi danƙo su tara ƙura.

Yatsa ma abin tsoro ne. Gumin hannu yana da gishiri, kuma in baƙo ya shafa ruwan takobi aka mayar kube ba a goge ba, bayan ƴan kwanaki za a tarar da zanen yatsansa da tsatsa. Kuma mun san halinmu, duk wanda aka miƙa wa takobi sai ya gwada kaifin da babban yatsa. A goge bayan kowa.

Sai kube, wanda mutane suka ɗauka shi ne mafaka. Fata tana shan laima, kuma abin da aka jeme ta da shi, irin su bagaruwa, ba ya shiri da ƙarfe in danshi ya shiga. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a riƙa zare takobin ko sau 1 a wata a duba, in da hali ma a ajiye shi dabam da kuben, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Da hunturu kuma fatar ce ke bushewa ta tsage, sai a shafa mata man kaɗe ɗan kaɗan, ta waje kawai. Kar a jingina shi da bangon ƙasa, kar a ajiye shi a ƙasa, saboda gara da sanyi. In kuben ya lalace, baduku ya ɗinka sabo, amma tsohon a adana shi, kar a jefar. Hamilar ma haka.

Mun san abin da wasu za su ce. A wannan zamani na ƴan bindiga da satar mutane, ɗan rediyo ya rasa abin da zai kira jama'a gare shi sai makami? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarmu ita ce takobin da muke magana ba a wasa shi, ba a yawo da shi, ba a hawa babur da shi a bi ta shingen jandarma, balle a ƙetara da shi Illela ta Najeriya don a nuna wa aboki. Wurinsa akwati mai kwaɗo ko can saman bango inda hannun yaro ba ya kai. Takobin da ke yashe a zaure kowa na ɗauka ya fi wanda aka san mai shi aka kulle haɗari. Wasu kuma za su ce ana fama da abin sa wa a baka, wa ke ta tsohon ƙarfe? Gaskiya ne. Amma kwalbar man keke da tsumma ba su kai kuɗin katin waya ba, kuma kuɗin da dillali zai bayar ba ya kai wata a aljihu.

Ga inda gizo ke saƙar: rabon gado. Maigida ya rasu, magada 12, takobi 1. Ba ya rabuwa, sai a yi mishi kuɗi. A daidai nan ne dillalin kayan tarihi ke ɓullowa, ya ba da abin da ya ga dama, ya sa a buhu. Daga nan sai Yamai ko Agadas ko Kano, daga can sai kantin wani Bature, da ƴar takarda an rubuta “takobin Buzaye”, ba sunan gari, ba sunan mai shi. Shawararmu ga masu sha'awar tarawa ita ce nan ne wurin kashe kuɗinku. Ku sa a yi wa takobin kuɗi a gaban malamin da ke rabon, ku biya ƴan'uwa haƙƙinsu, mata da maza, ya zauna a gida. Wanda ya ɗauke a ɓoye ya ce ai shi ne babba, ya ci haƙƙin marayu, ba tara kayan tarihi ya yi ba.

Hukuma ma tana da nata. Ƙasar nan tana da doka tun 30 ga Yuni 1997 a kan kare kayan tarihi da al'adu, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin ta a harshensu? Gidan tarihi na Bubu Hama yana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Me zai hana magadan gari da sarakunanmu na Ƙonni, Dogarawa da Illela su ware ɗaki guda da rajista, inda iyali za su kawo takobi a ɗauki hotonsa, a auna shi, a rubuta, su koma da abinsu? A 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake danganta wa Alhaji Umaru Tal, bayan ya yi fiye da shekara 100 a hannunta, sai da shugabanni suka sa baki. Namu ba a ƙwace su da bindiga yanzu, mu ke miƙawa, kuma wanda aka sayar da yarda ba a zuwa roƙon a maido shi.

Shi kuwa saurayin Malbaza, abin da muka ce mishi kafin layi ya yanke shi ne ya sayi littafin rubutu na ƴan lakwal, ya tafi wurin wadda ta fi kowa tsufa a gidan, don sau da yawa tsofaffin mata sun fi riƙe irin wannan labari. Ya tambaye ta takobin na wane ne, daga ina ya samo shi, saye ne ko kyautar sarki ko ganima, wa ya sake mishi kube, yaushe aka daina ratayawa. Ya naɗi muryarta a waya, ya rubuta kwanan wata, abin da ta ce ba ta sani ba ya rubuta ba ta sani ba, kar ya cike da nasa. Ya ce tana nan, ta haura 80, kunnenta ya ɗan yi nauyi. Muka ce to ya tafi yau, saran ƙayar kuma a nemo adda.